Yadda ake gane shekarun bindiga mai ƙanƙara da inda aka ƙera ta

Bindiga mai ƙanƙara ita ce wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. In an ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Akan sami irinta ajiye a fada ko a gidajen maharba. Sau da yawa masu ita kan danganta ta da zamanin Tanimun, sarkin Damagaram da ya rasu a 1884, wanda ya tara bindigogi ta hannun fataken Tarabulus. Kafin a shigar da wannan magana cikin tarihi, wajibi ne a binciki bindigar kanta.

1. Ƙanƙara ba shaidar tsufa ba ce

Sojojin Turai sun daina aiki da ƙanƙara wajen 1840, amma maƙeran Birmingham a Ingila da na Liège a Beljik sun ci gaba da ƙera irin wannan bindiga domin kasuwannin Afirka har cikin ƙarni na 20. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ƙarfafa wannan ciniki, domin ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani, ta bar masu ƙanƙara.

2. Hatimin gwaji

Shaida mafi ƙarfi tana gindin bututu, inda gidan gwaji yake buga hatiminsa bayan ya jarraba ƙarfin bututun da albarushi. Hatimin London kambi ne bisa haruffan GP, da wani bisa V. Gidan gwaji na Birmingham an kafa shi a 1813. Hatiminsa sanduna biyu ne gicciye, da haruffan BCP, har zuwa 1904. Na Liège kuwa haruffan ELG ne da tauraro cikin zobe mai siffar ƙwai, tun wajen 1811. A 1893 aka ɗora wa zoben kambi. Ke nan bututun da ke da wannan kambi bai ga zamanin Tanimun ba.

3. Rubutun farantin kunama

Bindigogin sojan Ingila suna ɗauke da kalmar TOWER da kambi bisa GR. Na Faransa kuwa da sunan maƙera, kamar Charleville, Maubeuge ko Saint-Étienne. Sai dai ƴan kasuwa sun riƙa buga TOWER a kan bindigogi masu araha, don haka kalmar ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

4. Gyaran maƙera

Bindiga ɗaya kan haɗa bututun Beljik, farantin Ingila da ƙotar da masassaƙin gida ya yi. Kowane sashe da shekarunsa. Wanda ya fi sabunta shi ke nuna lokacin da bindigar ta kama siffarta ta yanzu. Wadda aka ƙera a gida ba ta da hatimin gwaji; a nan sai a koma ga bayanin dattawan maƙera.

Daga ƙarshe, kada a goge tsatsa da magagari, domin tare da ita hatimi yake tafiya, shaida kuma ta ɓace.