Cikin da Ya Ƙi Sakewa Bayan Tiyatar Rage Tumbi

Macen da aka yi wa tiyatar rage tumbi, ta kai shekara ɗaya ko biyu tana jin cikinta a ɗaure tamau, amsa biyu ta fi samu idan ta koka. Wanda ya yi mata aikin ya ce ta ƙara haƙuri, haka abin ya gada. Dangi kuma su ce ai da ƙafarta ta je, ba ciwo ne ya kai ta ba. Duka biyun suna kashe maganar tun ba a fara ta ba. Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne, haƙuri a wannan sha'ani yana da wa'adi. Matsewar watannin farko tana cikin aikin, amma wadda ta zarce shekara, tana hana mutum cin abinci ya ƙoshi ko miƙewa sosai ko barci, tana da dalili a jiki, kuma galibi ana iya gano dalilin idan an neme shi.

Sai an san abin da wuƙa ta yi kafin a gane abin da jiki yake faɗa. Aikin tsoho ne: tun 1899 likita Howard Kelly na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ba da rahoton yanke teɓar wata mata, a 1967 kuma Ivo Pitanguy na Birazil ya wallafa sakamakon aiki 300, salon da ya yi tasiri a kan yadda ake yi har yau. Ƙididdigar ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya ta nuna ana yin sa fiye da sau miliyan ɗaya a shekara. Likita yakan tsaga fata daga wannan ƙugu zuwa wancan, can ƙasan mara, ya ɗaga fata da kitse daga jikin tsoka har zuwa ƙasan haƙarƙari. Cibiya tana nan a maƙale inda take, sai a yanke fatar da ke kewaye da ita. Daga nan ya zo kan abin da yawancin masu neman aikin ba su ba muhimmanci ba: tsokoki biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, waɗanda juna biyu kan raba su, sai a jawo murfinsu a ɗinke su wuri guda, sau da yawa da zaren da ba ya narkewa. A ƙarshe a ja fatar ƙasa, a yanke rarar, a huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Kamar rigar da tela ya rage ce: yadin ya ragu, jikin da ke ciki yana nan yadda yake. Hanji da sauran kayan ciki da kitsen da ke lulluɓe da su babu wanda aka taɓa, wurin zamansu ne kawai ya ƙuntata.

Saboda haka likitan da ya ce a yi haƙuri ba ƙarya ya yi ba, a farkon lamari. Mako ɗaya ko biyu na farko mutum a duƙe yake tafiya. Ƙananan hanyoyin da ke kwashe ruwa daga ƙarƙashin fata an yanke su, shi ya sa mara kan kumbura da yamma ta sace da safe har tsawon watanni. Jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa su ma an tsinka su, kuma jijiya ba ta tsirowa fiye da kimanin milimita ɗaya a rana. Tana cikin tsirowar ne ake jin mindirya, da tsira kamar ta allura, da wani yanki a ƙasan cibiya da ya mutu murus. Tabo kuwa yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya gama nuna, yana ƙanƙancewa kafin ya yi laushi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai alamar warkewa ita ce sauƙi yana ƙaruwa, ko da a hankali. Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, ya ware gurbi na musamman ga ciwon da ya wuce wata uku bayan tiyata, ya ɗauke shi a matsayin lalura mai zaman kanta. Idan wata uku ya isa a fara sa ido, to wata goma sha takwas ya wuce a ce wa mutum ya je ya dawo.

Me ake nema idan an duba? Na farko jijiya. Wani lokaci zaren ɗinki ko tabo kan shaƙe wata jijiya a gefen mara, ko kuma bakin jijiyar da aka yanke ya dunƙule ya zama ɗan ƙulli mai tsananin zafi. Mai wannan matsalar tana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, kuma ko zane ne ya goge shi sai ta zabura. Idan jijiyar da ke gangarawa cinya ce, sai a ji zafi kamar ƙuna a gefen cinyar ta waje. Akwai kuma ruwan da ke taruwa tsakanin fata da tsoka, wanda shi ne matsalar da aka fi samu bayan wannan aikin. Idan ba a zuƙe shi ba, jiki kan gina masa jaka mai kauri, ta zauna tana jan abin da ke kewaye da ita shekara da shekaru. Ƙaba ma kan ɓullo ta wajen cibiya ko ta inda ɗinki ya saki. Sannan ga dalilin da ba a son ji: ƙarin ƙiba. Kitsen da ya dawo bayan aiki, wani ɓangarensa a cikin ciki yake taruwa, bayan tsokar da aka ɗinke, sai ya riƙa tura bango daga ciki. Shi ya sa wasu ke cewa sun fi jin matsewar bayan cin abinci, ko ranar da ciki ya cushe da iska, ko bayan gida ya yi tauri.

Rarrabe waɗannan ba ya bukatar na'ura mai tsada a matakin farko. Akwai gwajin da likita John Carnett ya bayyana tun 1926: mara lafiya ta kwanta rigingine, likita ya danna inda ke ciwo, sannan ya ce ta ɗago kai da kafaɗu. Idan zafin ya ƙaru ko ya tsaya yadda yake, matsalar a bangon ciki take. Idan ya ragu, sai a waiwayi kayan ciki. Allurar kashe zafi a daidai wurin, in ta ɗauke ciwon na wasu sa'o'i, ta tona asirin jijiya. Hoton ciki kuma yana nuna ruwa ko ƙaba. Wannan rarrabewar tana da muhimmanci ta wata fuska da ake mantawa: wadda aka yi wa tiyatar kwalliya ba ta tsira daga tsakuwar matsarmama, ko ƙarin mahaifa, ko gyambon ciki ba. Idan aka saba ɗora kowane ciwo a kan tsohon ɗinki, wata rana cuta ta daban za ta girma a bayansa ba a lura ba.

Wani zai ce wannan tsoratarwa ce, tunda mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin sun gamsu. Na yarda sun gamsu, har ma akwai binciken da ya nuna wasu matan sun samu sauƙin ciwon baya da yoyon fitsari bayan an haɗe musu tsokar. Amma gamsuwa da siffa abu ɗaya ne, jin daɗin jiki wani abu ne daban, kuma mace na iya son abin da take gani a madubi alhali ba ta iya yin ruku'u ba tare da ta ji ana jan ta ba. Hotunan "kafin aiki" da "bayan aiki" da ake talla da su a Instagram ba sa ɗaukar wannan. Yawan masu gamsuwa hujja ce ta ci gaba da yin aikin. Ba hujja ba ce ta ƙin duba tsirarun da ba su samu lafiya ba.

Batun "ita ta kai kanta" kuwa ya fi rauni. Da yawa cikin masu neman aikin nan mata ne da haihuwa ta raba wa tsokar ciki, rabuwar da ɗaurin ciki na jego ba ya mayarwa idan ta yi faɗi. Ko da kwalliya ce zalla, ba a tambayar wanda ya karye a wasan ƙwallo dalilin da ya sa ya shiga fili kafin a ɗora shi. Illar wannan gorin a aikace take bayyana: wadda ta tafi Turkiyya ko Masar ko Dubai a ɓoye ta yi aikin, ta dawo bayan kwana goma ko makonni biyu, kunya kan hana ta gaya wa likitan gida abin da aka yi mata. Shi kuma ba shi da takardar da ta nuna ko an ɗinke tsoka, da wane zare, ko an sa raga. Duk mai niyyar fita waje don wannan aikin, kada ta baro asibitin sai da rahoton tiyatar a hannunta. Wadda kuma ba ta gama haihuwa ba, likitoci da kansu suna ba da shawarar ta dakata, domin sabon ciki zai miƙe abin da aka ɗinke.

Saura masu cewa a koma kawai a kwance ɗinkin. Wannan shi ne mataki na ƙarshe, domin kowace sabuwar tsaga tana haifar da sabon tabo, kuma sakin tsoka na iya dawo da tumbin ko ya buɗe ƙofar ƙaba. Kafin a kai nan akwai masu gashin ƙashi da ke sassauta tabo da tausa, su koyar da numfashi da miƙa jiki; akwai magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin da amitriptyline, waɗanda sai da takardar likita; akwai allura a wurin da jijiyar ta shaƙe; akwai rage ƙiba da gyara cin abinci. Idan an tabbatar ƙullin jijiya ne ko jakar ruwa, ƙaramin aiki a daidai wurin ya fi buɗe ciki gaba ɗaya. Abin da ba ya jiran duk waɗannan matakai shi ne ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya tare da amai, ko kumburi mai tauri da ya ƙi komawa, ko zazzaɓi da jan fata, ko sarƙewar numfashi. Wannan na sashen gaggawa ne a ranar, ko da shekara biyar ke nan da yin tiyatar.