Ciwon Sukari da Abin da Muke Kira Gigin Tsufa

Mu Hausawa idan dattijo ya soma mantuwa, ko yana tafe yana tangaɗi, sai mu ce gigin tsufa ne, mu rufe zance. A ganina wannan kalma ta cika gaggawar yanke hukunci, domin sau da yawa ciwon sukari ne ya laɓe a bayanta.

Mu ɗauki manomi mai shekara 70 a Yankara, ƙasar Faskari, bisa hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Abubuwa uku ke tsai da shi daram: ido, da cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa masu sanar da ƙwaƙwalwa inda ya taka. Idan sukari ya daɗe da yawa cikin jini, yakan kashe waɗannan jijiyoyi sannu a hankali, daga yatsu zuwa sama, har mutum ya ji kamar auduga yake takawa. Da rana ido yakan rufa masa asiri. Amma da duhun asuba a hanyar masallaci, ko da almuru tsakanin kunyoyin masara, nan ake faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramar musiba ba ce. Balle ma ciwon bai bar idon ba.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa, nauyinta wajen kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Sukari ne abincinta, ga shi ba ta da rumbun ajiya. Yawansa yakan ɓata ƙananan hanyoyin jininta cikin shekaru, tunani ya yi nauyi, lissafin kuɗin hatsi ya gagara. Ƙarancinsa kuwa farat ɗaya yake kayarwa. Alal misali, tsoho ya sha ƙwayar glibenclamide ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, ko yana azumi. Awo ya sauka ƙasa da 70, sai gumi da karkarwa da sambatu. Iyali su ce iskoki ne, a ɗauko turare, alhali ƙaramin cokali uku ko huɗu na sukari cikin ruwa yake bukata, muddin yana iya haɗiya. In ya suma, sai asibiti.

Wani tsohon ma ba ya jin gumin ko karkarwar, rikicewa kurum za a gani. Wannan ya sa likitoci ba su matsa wa awon dattijo ya sauka kamar na saurayi.