Tartsatsin shagon walda: ina yake sauka?

Idan lokacin saran rake ya kama a ƙasar Maƙarfi da Kudan, mai walda ba ya samun sukuni. Amalanken shanu ta karye a hanyar Gazara, injin matsar rake na masu mazarƙwaila ya tsage, ga kuma injin ban-ruwa na masu tumatir daga yankin Ikara. Duk a shago ɗaya ake sauke su, shagon da sau da yawa bai wuce rumfar kwano da tebur guda ba. A kan wannan teburin ake yanka, ake liƙi, ake gogewa, a nan kuma yaron shago yake ajiye kwanon abincinsa.

Maƙeran dauri sun san inda wutarsu take. Gawayi na cikin raminsa, zugazugi na bayansa, uwar maƙera na kafe a ƙasa, kashin maƙera kuwa yana da gefen da ake tara shi. Injin gurza na hannu shi ya rushe wannan tsari. Mai faifan milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, yana feso ƙarfe mai zafi duk inda aka karkata shi. Shi ya sa dokar kashe gobara ta Amurka ta ce a kawar da duk abin da wuta ke ci har tazarar ƙafa 35, wajen mita 11, daga wurin aikin. To wane shago ne a Hunƙuyi yake da filin mita 11? Nan da nan za ka taɓo jarkar fetur ɗin janareta, ko tulin busasshen ganyen rake da iskar hunturu ta taro a gindin bango.

Tunda fili babu, abin da ya rage shi ne a yi wa tartsatsin makwanci. Tsohon kwanon rufi ko yankakken ƙarfen durom, a kewaye gefe uku na teburin da shi, tsayin kamu biyu ko uku, a bar gaba a buɗe. A ƙasa a sa faranti mai faɗi da yashi ko ɗan ruwa. Daga nan oga ya koya wa yaransa su riƙa riƙe injin ta yadda feshin zai nufi wannan kusurwa, ba titi ba, ba kuma ƙafar maƙwabci ba. Murfin nan da ke zuwa a kan faifai, wanda ake yawan kwancewa wai yana tare ido, aikinsa ke nan: shi ke juya tartsatsi, shi ke tare ɓaraguzai ranar da faifai ya fashe. Kwali da buhu da katako ba su da wuri a nan, domin tartsatsi kan maƙale a cikinsu ya yi ta ci a hankali, sai an rufe shago an tafi sallar isha'i ya tashi.

Burbushin da ya zuba ma ba ƙura ce kawai ba. Mayen ƙarfe na janyo shi, kuma kowane injin lantarki yana da wannan jan a cikinsa. Haka garin ƙarfe ke shiga injin walda da lasifikar waya ya kashe su. Dabarar mai sauƙi ce: a sa mayen ƙarfen tsohuwar lasifika cikin leda, a bi tebur da shi, a juya ledar a kan bokiti, garin ya zube. Tsintsiya a busasshiyar ƙasa tayar da shi kawai take yi zuwa hanci, sai an yayyafa ruwa. Wanda ke taɓa alminiyom kuwa ya ware garinsa daban, don in ya gauraya da tsatsar ƙarfe yana iya kamawa da wuta mai tsananin zafi.

Sai hayaƙi, wanda ba a share shi da tsintsiya. A shekarar 2017 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa hayaƙin walda a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa daji, musamman na huhu. Bututun ruwa mai rufin zinki yana fitar da farin hayaƙi da ke jawo zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare, mutum ya ɗauka maleriya ce. Gwangwanin madarar da 'yan walda ke sha bayan aiki ciki yake zuwa, hayaƙin kuwa huhu ya tafi. Ba su ma haɗu a hanya ba. Abin da ke aiki shi ne a goge rufin kafin liƙi, a tsaya ta yadda iska za ta kwashe hayaƙin gefe, kada kai ya kasance a samansa.

Wanda ya fi cutuwa, a ganina, ba ogan ba ne. Yaron nan ne mai riƙe ƙarfe da hannu, ba gilashi, yana kau da kai kawai daga hasken walda, da dare ido ya yi ta zubar da ruwa kamar an watsa masa yashi. Ɗaliban Kwalejin Shehu Idris ta koyon aikin lafiya suna nan cikin Maƙarfi, shagunan na bakin hanyarsu, za su iya shiga su wayar da kan masu walda. Kafin su zo, oga, ka saya wa yaronka nasa gilashin.