Tafiya Cape Verde: Gaskiya da Ƙarya a Maganar "Ba Biza"

Tun da Cape Verde ta samu gurbin gasar cin kofin duniya a watan Oktoban 2025, sunanta ya shiga bakin matasa a majalisun Kafanchan, Kagoro da Zonkwa. Daga hirar ƙwallo sai aka gangaro hirar tafiya: wai ƙasa ce da ake shiga ba biza, wai daga can Turai taku ɗaya ce. A cikin zancen akwai tsaba, akwai ƙaiƙayi.

Batun biza gaskiya ne. Cape Verde tsibirai goma ne a Tekun Atalantika, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal, kuma tana cikin ECOWAS. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar ziyarar kwana 90 ba tare da biza ba. Sai dai ɗauke biza bai ɗauke tambaya ba. Jami'in shige da fice yana da ikon neman tikitin dawowa, da shaidar masauki, da kuɗin da za ka ci da kanka, kuma idan bai gamsu ba zai mayar da kai. A watan Afrilun 2025 sai da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje ta fito ta nemi a saki wasu 'yan Najeriya shida da aka tsare a can, alhali yawon buɗe ido suka je. Saboda haka a buga takardun otal da na tikiti a riƙe a hannu, kada a dogara da waya kaɗai.

Maganar cewa ƙofar Turai ce kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ke ruɗin mutane shi ne Fotugal ta mulki ƙasar har zuwa 1975, harshen gwamnati na Fotugal ne, kuɗinsu eskudo kuma an ɗaure shi da yuro, wajen 110 a kan yuro ɗaya. Duk wannan bai sa ta cikin Tarayyar Turai ba. Wanda ya sauka Praia, babban birnin Cape Verde, yana son wucewa Lisbon ta Fotugal, bizar Schengen zai nema kamar yana Abuja. Kai, ko canjin jirgi kawai zai yi a Lisbon, mai fasfon Najeriya sai ya samu bizar ratse ta filin jirgi, shi ya sa bi ta Dakar ya fi sauƙi. Duk dillalin da ya ce ka sayar da buhunan cittarka ya haɗa maka hanyar Turai ta nan, kuɗin cittar yake so.

Ana kuma cewa tunda babu zazzaɓin cizon sauro, ba a buƙatar allura. Rabin farko daidai ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar a ƙasar a watan Janairun 2024. Amma katin rigakafin shawara daban ne, kuma ana nemansa a hannun wanda ya fito daga Najeriya. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, tun 2016 kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A karɓi katin a ofishin lafiya na filin jirgi, ba a hannun 'yan bunburutu ba. Sauro ma bai ƙare ba, don a 2024 an yi fama da zazzaɓin dengi sosai.

Mai tsammanin kurmi da ruwan sama irin na tsaunin Kagoro zai sha mamaki. Yawancin tsibiran busassu ne, damina gajeriya ce daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan sha a wurare da dama daga teku ake tace shi. Hazon hunturunmu ma yana kai musu, har yakan hana jirage tashi tsakanin tsibiran.

Abincinsu na gargajiya, cachupa, masara ce da wake, ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi da fate. Sai dai sau da yawa da naman alade ake dafa shi, don haka wanda ba ya ci ya ce a ba shi na kifi.