Kifi da lambu a ruwa ɗaya: Dalilin da ya sa ba a barin ruwan kwami ya kwanta

Duk mai kiwon tarwada a tanki ya san wahalar canjin ruwa. Bayan 'yan kwanaki ruwan kan yi wari, a buɗe shi ya bi kwata, maƙwabta su yi ta ƙorafi, sannan a sake sayen wani ko a tayar da janareta a jawo daga rijiyar burtsatse. Amma wannan ruwan da ake zubarwa taki ne, kuma akwai tsarin noma da ake kira akwafoniks wanda aka gina shi kan amfani da shi.

A wannan tsari, famfo ke tura ruwa daga tankin kifi zuwa kwamin da aka cika da tsakuwa, inda aka dasa latas, alayyafo, tumatir ko tattasai. Shukar ta sha takin, ruwan ya koma wa kifin a tace. Binciken da Dakta James Rakocy ya shafe shekaru yana yi da karfasa a Jami'ar Tsibiran Virgin ya taimaka wajen yaɗa tsarin, kuma a 2014 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da littafin jagora a kansa domin ƙananan manoma.

Ma'aikatan da ba a gani

Kifi na fitar da amoniya a ruwa, kuma ko kaɗan ce guba ce a gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin tsakuwa ne ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan wasu su mayar da naitirait ɗin naitiret, abincin shuka.

Waɗannan ƙwayoyi ba sa taruwa dare ɗaya. Sabon kwami kan ɗauki mako 3 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin, kuma sanyin hunturu na ƙara jinkirta su. Wanda ya yi gaggawar cika tanki da kifi tun ranar farko, shi ne ke wayar gari ya tarar da su suna yawo ciki a sama. Shi ya sa ake farawa da kifi kaɗan da abinci kaɗan, ana gwada ruwan har sai amoniya da naitirait sun sauka kusan sifili.

Hawa da sauka

Saiwa da bakteriya duk suna buƙatar iskar oksijin. Idan ruwa ya kwanta a kwami, saiwa ta ruɓe, ƙasan tsakuwa ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Don haka ake sa ruwan ya cika kwamin, sannan ya zube gaba ɗaya. Duk lokacin da ya sauka, yakan jawo sabuwar iska cikin tsakuwar.

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce a kifa wani faffaɗan bututu mai murfi a kan bututun fitar ruwa: da zarar ruwa ya kai bakinsa sai ya zuƙe kwamin, idan iska ta shiga ta ƙasa ya tsaya da kansa. Ta biyu kuma a sa wa famfo na'urar lokaci, misali ya yi aiki minti 15 ya huta minti 45. Ko wacce aka bi, ana so kwamin ya cika ya zube aƙalla sau ɗaya a awa.

Zurfin tsakuwa yakan kai santimita 30, kuma ana barin kamar santimita 5 na sama a bushe don kada gansakuka ta fito ko gindin shuka ya ruɓe. Idan zuƙar ta ƙi farawa, galibi ruwan da ke shiga ne ya yi kaɗan. Idan ta ƙi tsayawa, ya yi yawa. Saiwa ma kan toshe bututu, don haka sai ana dubawa.

Inda matsalar take a nan

Babban abokin gabar tsarin a Najeriya shi ne ɗauke wuta. Tarwada na iya shaƙar iska daga saman ruwa, tana jure wa tsayawar famfo na wani lokaci, amma karfasa da bakteriya ba su da wannan gata. Ga shi kuma a zafin Afrilu ruwa ba ya riƙe oksijin sosai. Mai son shiga harkar gara ya fara lissafa kuɗin sola da batir kafin na kifi.

Sai kuma tsakuwa da ruwa. Tsakuwar farar ƙasa na ɗaga ma'aunin pH, alhali ana son sa tsakanin 6 da 7. A ɗiga mata ruwan khal, idan ta yi kumfa a bar ta. Ruwan famfo mai kulorin kuwa na kashe bakteriya, sai an bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba. Haka nan ba a fesa maganin ƙwari a kan shukar, domin duk abin da ya sauka a kwami, tankin kifi zai ƙare.