Saran Katako Da Cin Uwar Kuɗi

Duk ɗan kasuwa ya san bambancin riba da uwar kuɗi. Wanda ya ci riba gobe ma zai buɗe rumfa, amma wanda ya taɓa uwa ya kama hanyar karyewa. To, haka sha'anin daji yake, kuma uwar kuɗinsa ita ce albarkar da ke cikin ƙasarsa.

Babu mai kai wa daji taki, shi ke ciyar da kansa. Saiwoyi su zuƙo sinadarai irin su naitirojin da kalsiyam da fotasiyam, ganye ya zuba ya ruɓe, sinadaran su koma ƙasa, saiwoyi su sāke ɗauka. Abin lura shi ne, ganye da ƙananan rassa da ɓawo sun fi tsakiyar gungume ƙunsar waɗannan sinadarai nesa ba kusa ba.

Masana sun gwada wannan al'amari a dajin Hubbard Brook, cikin Jihar New Hampshire ta Amurka, inda Herbert Bormann da Gene Likens da abokan aikinsu suka soma bincike a 1963. A lokacin sanyin 1965 zuwa 1966 aka sare dukan itatuwan wani gangare mai faɗin kusan hekta 16, aka bar su kwance, sa'an nan aka yi shekara uku ana fesa maganin hana tsiro. A shekarar farko ruwan da ke malalowa daga gangaren ya ƙaru da kashi 39 cikin ɗari. Naitirojin da ke cikin ruwan rafin ya ninka sau 41, a shekara ta biyu kuwa sau 56, har ya wuce ƙa'idar ruwan sha. Dalili kuwa, ruɓa ta ci gaba amma babu saiwar da za ta tare abin da ya narke, sai ruwa ya yi awon gaba da shi, ya haɗa da kalsiyam da fotasiyam.

Wannan fa ba a fitar da ko itace ɗaya ba ke nan. Ina ga saran da ake kwashe gungume da rassa da ganye gaba ɗaya? Nan hasara biyu ce, watau abin da mota ta ɗauka da abin da ruwa ya wanke. Kalsiyam kuma daga narkewar duwatsu yake samuwa sannu a hankali, saboda haka in ana maimaita sara a kai a kai, abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa. Shi ya sa a Suwidin, inda ake ƙona rassa don samun makamashi, hukumar gandun daji ke ba da shawarar a mayar da tokar cikin dajin.

Mu ma abin ya shafe mu, domin yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga kurmin Kudu yake zuwa, inda zafi ke gaggauta ruɓa, ruwan sama kuma ke da yawa. Kira gare mu, fatake da ma'aikatan da ke ba da izinin sara, shi ne a ɗauki gungume a bar rassa da ganye a wurin, kada a share daji ƙaƙaf lokaci guda, a kuma ba shi shekarun hutu. Allah Ya sa mu gane.