Daga Kujerar Aski Zuwa Gareji

 Yau garejin kanikawa muka nufa.

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara J. Allen ko Buzaye a nan cikin Sakkwato ya ga abin da zan faɗa. Rana ta take, ƙasa ta ɗau zafi kamar tanda, ga yaron gareji kwance rigingine kan kwali a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Baƙin mai na ɗiga masa a goshi. Abin da ya raba ƙirjinsa da nauyin motar nan, ɗan jak ne da bai wuce kwalbar manja ba.

To ina ɗan ƙarfen nan ya samo wannan ƙarfi? Sirrin yana cikin mai. Mai ba ya matsuwa. In ka danne shi a nan, sai ya kai dannin can. Cikin jak akwai fistin biyu, ƙarami da babba. In faɗin fuskar babban ya ninka na ƙaramin sau 20, ƙarfin hannunka ma sau 20 zai ninku, sai dai ka yi ta bugawa kafin taya ta bar ƙasa. Wani ɗan ƙwallon ƙarfe ke tare man kada ya koma. Ranar da ƙurar hunturu ta shige shi, ko zafi ya busar da robar ciki, sai jak ya fara sauka a hankali ba sallama. Shi ya sa tsofaffin kanikawa ba sa shiga ƙarƙashi sai sun tokare da kututture.

Wannan dabara tana da tarihi: Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsi mai aiki da ruwa a 1795. Richard Dudgeon ya yi rajistar jak ɗin da ake ɗauka a hannu a Amurka a 1851. Amma wanda ya fi taɓa mini zuciya Peter Lunati ne, bakanike a birnin Memfis. Ya gaji da shiga rami don gyaran ƙarƙashin mota. Wata rana ya lura da yadda mai aski ke ɗaga mutum da kujerarsa, ya ga ai mota ma za ta ɗagu haka. A 1925 ya karɓi takardar mallakar ƙirƙirarsa, daga nan kamfanin Rotary Lift ya tashi.

Masu sauraro, wa'adin waɗannan takardu duk ya ƙare tuntuni. Maƙerin Assada ko mai walda da ya ga zai iya, ba wanda zai hana shi ƙera irin waɗannan injuna. In kuma ya ƙaro wata dabara tasa sabuwa, dokar Najeriya ta 1970 ta ba shi kariyar shekara 20, hukumar NOTAP da ke Abuja kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen yin rajistar. Abin da ke damuna, dabarar kanikawanmu a baki take yawo, daga oga zuwa yaro, ba ta hawa takarda.

Garin Sakkwaton nan ne fa ya reni Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa cikin famfon da ke ɗaga bayan tifar yashi.